Littafin Sojan Da Aka Kulle A Akwati

Kwanakin baya wani mai tara tsofaffin littattafan yaƙi ya nuna mini abin da yake kira sarkin kayansa. Ɗan siririn littafi ne, bangonsa ya koɗe. Wani kofur ne ya rubuta shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya biya maɗaba'a da kuɗin aljihunsa, aka buga masa 'yan kwafi ya raba wa 'ya'yansa da abokan bataliyarsa. Na miƙa hannu zan buɗe, ya ce a'a, a dai kalla daga cikin leda. Na ce to me kofur ɗin ya faɗa a ciki? Ya yi dariya, wai shi ma bai karanta ba, kada ɗinkin ya saki. Na ce ko za a ɗauki hoton shafukan? Nan fa ya ɗaure fuska. Wai idan kowa ya samu, nasa ya tashi a banza.

Na fito ina ta juya maganar a raina. Mutum ya kwana cikin taɓo, ya binne abokansa, ya dawo gida ya yi shekara da shekaru bai iya buɗe baki ba. Sai da furfura ta fito ya daure ya zauna ya rubuta, don kada abin ya bi shi kabari. Yanzu kuma wani ya sa kuɗi ya sayi rubutun, ya binne shi da hannunsa, har yana alfahari.

Ra'ayina ba mai kwana-kwana ba ne. Duk wanda irin wannan littafi ya faɗo hannunsa, takardar tasa ce, ya ga dama ya ajiye, ya ga dama ya sayar. Amma maganar da ke ciki amana ce aka ba shi. Ya kamata a kwafe ta, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, a bar masu so su karanta, su yi gardama a kanta. Mai tarawar da bai yi haka ba, ni ban ga bambancinsa da gara ba sai dai shi yana biyan kuɗi kafin ya hana mutane karatu.

Ba raina masu tarawa nake yi ba. Da yawa daga cikin waɗannan littattafai da tuni an zubar da su ranar da ake kwashe kayan mamaci, ba don wani mai ido ya tsinto su a gwanjo ba. Rigimata da su a kan abin da ke biyo bayan tsintuwar ne.

Abin da ba ya shiga rahoton hedikwata

Kowace runduna ta zamani tana da kundinta. Ana rubuta cewa ranar kaza an tashi daga wuri kaza, an kai hari da ƙarfe kaza, an rasa mutum kaza. Manyan hafsoshi kuma idan sun yi ritaya sukan rubuta nasu, masu buga littattafai suna rububinsu. Waɗannan ba sa ɓacewa, ko ba a neme su ba za su zo.

Wanda ke ɓacewa shi ne na farabiti da kofur da saje. Su ne suka ɗauki kaya a ka, su ne yunwa ta ci, kuma su ne suka fi ƙarancin hanyar kai rubutu gaban jama'a.

Ɗauki Louis Barthas. Mai haɗa gangunan katako ne a wani ƙauye na kudancin Faransa, aka kira shi yaƙi a 1914, ya yi shi har ƙarshe yana kofur. Da ya dawo, ya cika littattafan rubutu na 'yan makaranta guda 19 da abin da ya gani. Ya rasu a 1952 ba a buga ko shafi ɗaya ba. Sai a 1978 masanin tarihi Rémy Cazals ya fitar da su, bayan sun bi ta hannun jikansa.

A ciki ne ya ba da labarin wata rana a Disambar 1915, kusa da Neuville-Saint-Vaast, da ruwan sama ya cika ramukan da sojoji ke fakewa. Dole Faransawa da Jamusawa suka fito sarari, kowa na kallon kowa, duk sun jiƙe, duk sun yi butu-butu da laka, ba wanda ya ɗaga bindiga. Har aka gaisa, aka yi musayar taba. Manyan hafsoshi suka fusata. Wane akawun bataliya ne zai rubuta wannan a rahoton da zai je hannun janar? Barthas ya yi fatan wata rana a gina abin tunawa a wurin. A Disambar 2015 shugaban Faransa François Hollande ya je ya buɗe shi. Da littattafan nan 19 sun faɗa hannun mai leda da kwaɗo, da babu wanda zai san an taɓa yin wannan fatan.

Ko a tafi can baya. Usama bin Munƙiz, jarumi kuma ɗan sarautar Shaizar a ƙasar Sham, ya yi rayuwarsa yana gwabzawa da mayaƙan Turai da suka zo yaƙin Kudus. Ya kusa shekara 90 lokacin da ya tsara Kitabul I'itibar, ya rasu a 1188. Daga gare shi muka ji yadda wasu daga cikin abokan gabar suka zama abokansa, har suna ba shi wurin salla a gefen Masallacin Ƙudus, da yadda wani sabon zuwa ya cafke shi yana salla ya juya shi gabas da ƙarfin tsiya, sai da abokan nasa suka fitar da mutumin suka ba shi haƙuri. Kwafi ɗaya tak na littafin ya tsira, shi ma farkonsa ya ɓace. Hartwig Derenbourg ne ya gano shi a 1880 cikin tarkacen rubuce-rubucen Larabci a ɗakin karatu na Escorial a Sifaniya. Kusan shekara 700 maganar mutumin tana rataye a kan kwafi ɗaya.

Labarin da ya fi taɓa ni kuwa na Isaac Fadoyebo ne. Yaro ne ɗan shekara 16 daga yankin Owo lokacin da ya shiga soja a 1942, aka sa shi cikin masu jinyar waɗanda aka raunata a Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, aka kai su ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. A watan Maris na 1944 Japanawa suka afka musu a bakin kogin Kaladan. Aka harbe shi a ƙafa da ciki, aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi, shi da wani soja ɗan Saliyo, ya ciyar da su wata da watanni, alhali ya san idan Japanawa suka gano, kashinsa ya bushe.

Fadoyebo ya buga labarinsa da tafireta, 'yan shafuka ne. Masanin tarihi David Killingray ya shirya shi, Jami'ar Wisconsin ta buga a 1999. Ba littafin kasuwa ba ne, kaɗan ne suka san da shi. Amma kwafi ɗaya yana ɗakin karatu na gidan tarihin yaƙi na Landan, inda kowa zai iya nema a ba shi. A nan ɗan jarida Barnaby Phillips ya karanta shi, ya bi sawun tsohon har Legas a 2011, sannan ya ɗauki wasiƙar godiyarsa ya kai wa iyalan Shuyiman a ƙauyensu. Fadoyebo ya rasu a 2012, bayan saƙonsa ya isa.

Dubun-dubatar 'yan Afirka ne suka je Bama, cikinsu har da ɗimbin masu jin Hausa. Waɗanda suka bar labarinsu a rubuce da hannunsu ba su taka kara sun karya ba. To idan abu ya yi ƙaranci haka, kowane shafi ɗaya yana magana ne da bakin mutum dubu da ba su rubuta ba. Irin wannan ake sa wa kwaɗo?

"Ai da kuɗina na saya"

Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a ƙwace. Amma a duba me aka saya. Ko a doka, mallakar takarda daban, haƙƙin abin da aka rubuta daban. A ƙasashe da yawa haƙƙin rubutu yana hannun marubuci, bayansa kuma magadansa, har shekara 70 bayan rasuwarsa. Wato wanda ya sayi littafin ajiyar wani soja a gwanjo bai sayi maganar sojan ba. Idan ma zai buga ya sayar, sai ya nemi izinin magada.

Ni kuma ba ta fuskar doka nake kallon abin ba. Sojan da ya biya maɗaba'a da kuɗin fanshonsa ba don ya samar wa wani kayan ado ya yi ba. Ƙarancin kwafin ba nufinsa ba ne, iyakar ƙarfinsa ke nan. Da ya samu mai buga masa dubu goma da ya yi murna. Abin da ya zame masa cikas shi ne mai tarawa ya mayar abin taƙama.

"Darajarsa za ta faɗi"

Wannan ita ce hujjar da suka fi riƙewa, kuma ita ce ta fi rauni. T. E. Lawrence, Baturen Ingilan da ya yi yaƙi tare da Larabawan da suka yi wa Daular Usmaniyya tawaye, ya fitar da labarinsa a 1926 cikin bugu na musamman, kwafi wajen 200. Bayan ya rasu a 1935 aka buga na kasuwa, ya bazu ko'ina, yau ma kowa zai iya samu. Shin bugun 1926 ya zama banza? Har gobe masu tarawa kokawa suke yi a kansa. Sanin littafin da duniya ta yi shi ya sa ake neman asalinsa. Littafin kofur ɗin da ba wanda ya taɓa jin sunansa, wa zai yi ribibinsa?

Akwai kuma wani abu da ɓoyo ke jawowa wanda masu kuɗin ba sa so a faɗa: shi ne abincin 'yan damfara. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta shelanta cewa ta samo littattafan ajiyar Hitler, kundi wajen 60, bayan ta kashe mak miliyan 9.3, kuɗin Jamus na lokacin. Saboda tsoron kada wani ya riga su, sun yi ta ɓoye kayan, ba su bari masana sun yi musu binciken ƙwaƙwaf ba. Da aka kai wa hukumar adana takardu ta Jamus, cikin 'yan kwanaki aka gano takardar da tawadar duk na bayan yaƙi ne. Konrad Kujau ne ya rubuta su, mutumin da dama sana'arsa ita ce sayar wa masu tara kayan yaƙi jabun kaya. Ya daɗe yana cin kasuwarsa saboda abokan cinikinsa kowa na ƙunshe nasa a ɗaki, ba mai nuna wa wani.

Saboda haka ko don kare aljihunka, ka bari a gani. Wanda ya san bataliyar zai iya gaya maka cewa a ranar da littafin ya ce suna gari kaza, suna can wata ƙasa.

"Soja ai sharara ta yake yi"

Wannan ƙorafin ya fi na baya nauyi. Masu yinsa sukan ce mutumin da ke kwance cikin rami ba ya ganin abin da ya wuce tsawon bindigarsa. Ya rubuta bayan shekara 30, ƙwaƙwalwa ta haɗa abin da ya gani da abin da ya ji a bariki da abin da ya karanta a jarida. Ga son kai: ba wanda ke rubuta cewa shi ne ya fara arcewa.

Duk gaskiya ne. Amma me ya biyo baya? A jefar?

Jean Norton Cru ya amsa wannan tun 1929. Shi ma sojan Faransa ne da ya sha zaman rami a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya tattara littattafai wajen 300 da sojoji suka rubuta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wane ne marubucin? Wace bataliya? Ranar da ya ce yana wuri kaza, bataliyarsa tana wurin kuwa? Abin da ya kwatanta, harsashi yana yin haka da gaske? Ya yaba wa wasu da ba a san su ba, ya kuma yi kaca-kaca da wasu shahararru irin su Henri Barbusse saboda ƙarin gishiri. An yi ta zaginsa, kuma a wasu wuraren ya tsaurara fiye da kima. Amma hanyar da ya bi ita ce hanyar. Malaman hadisi da suka tarar da maƙaryata cikin masu ruwaya ba su watsar da ruwaya ba, sai suka zauna suka tantance mazajen: wane ya haɗu da wane, wane ne mai riƙo, wane ne mai ruɗewa.

Kuma lura da abin da ya ba Cru damar yin wannan aiki: ya samu littattafan a hannu, ya jera su gefe da gefe. Shaida ɗaya ba ta tantance kanta. Idan mutum biyar daga bataliya ɗaya suka rubuta, huɗu suna kulle a akwatunan mutane huɗu, to na biyar ɗin da ya fito shi ne zai zama tarihi, ko da shi ne ya fi su ƙarya.

Mun ga amfanin wannan a yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Olusegun Obasanjo ya fitar da nasa labarin a 1980. Godwin Alabi-Isama, wanda suka yi aiki a runduna ɗaya, ya fitar da nasa a 2013, da ɗaruruwan hotuna, yana ƙaryata shi a wurare da dama. Daga ɗaya ɓangaren kuma ga na Alexander Madiebo, kwamandan sojan Biyafara. Mai karatu ya jera ukun ya yi wa kansa alƙalanci. Sai dai duk ukun manya ne. Kurtun da aka ɗauka yana ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75. Nasa labarin, idan ya rubuta, yana cikin wata tsohuwar jaka, kuma 'ya'yansa ba lalle su san amfaninsa ba.

Na masu hannu dumu-dumu fa?

Wani zai ce to ai ba kowane soja ne Barthas ba. Akwai waɗanda suka ƙona ƙauyuka, suka dawo suka rubuta littafi suna wanke kansu. Yaɗa irin wannan ba taya ɓarna ba ne?

Haɗarin yana nan, ba na musu. Erich von Manstein, ɗaya daga cikin manyan hafsoshin Hitler, kotun sojan Birtaniya ta yanke masa ɗaurin shekara 18 a Hamburg a 1949 kan laifukan yaƙi. Aka sake shi a 1953, a 1955 ya fitar da littafinsa. A ciki ka ga dabarun yaƙi, ka ga kurakuran Hitler, amma kisan Yahudawa da fararen hula a yankin da yake iko kusan babu shi. Littafinsa da na irinsa su suka gina tatsuniyar cewa sojan Jamus na yau da kullum hannunsa tsaf yake, wasu ne can suka yi ta'asar.

To me ya rushe tatsuniyar? Aikin masana, da kuma kayan ƙananan sojojin kansu. Baje kolin laifukan sojan Jamus da aka fara a Hamburg a 1995 ya dogara sosai da hotunan da sojoji suka ɗauka da hannunsu da wasiƙun da suka aika gida. Jamusawa suka je suka ga abin da kakanninsu suka yi shiru a kai. An samu kuskure a bayanin wasu hotunan, aka dakatar da shi a 1999, aka gyara aka sake buɗewa a 2001. Kuskuren ma an kama shi ne saboda kayan suna fili.

Littafin janar ba ya bukatar taimakon kowa, ya riga ya cika kasuwa. Abin da ke ɓoye shi ne wanda zai ƙaryata shi.

A nan kuma ina da ƙorafi kan yadda masu sha'awar waɗannan littattafai ke tattauna su. Sai ka ji an kwashe sa'o'i ana musu kan irin igwar da aka harba ko lambar tankar da marubuci ya shiga. Shafin da ya ce sun kwashe hatsin wani ƙauye ana tsakiyar sanyi, sai a tsallake shi kamar ba a gani ba. Mutanen ƙauyen fa, me suka ci? Wasu kuma sha'awar tasu ta zarce ta koma so, ka ga mutum ya cika ɗaki da littattafan SS kaɗai, wato rundunar musamman ta jam'iyyar Hitler, yana magana a kansu kamar yana maganar gwanayen ƙwallo. Wannan ba karatun tarihi ba ne. Duk littafin soja a karanta shi ana tambaya: wa ya bari a waje, me ya yi sauri ya wuce, kuma mutanen da aka yi yaƙin a gonarsu me za su ce?

Asirin iyali

Nan ne nake sassautawa. Littafin da soja ya buga da kansa, ya riga ya yanke shawarar a karanta. Amma littafin ajiya na aljihu da wasiƙu daban ne. Wataƙila ya ambaci sunan abokinsa da ya gudu daga fagen daga, ko wata mata, ko abin da ya yi wanda bai taɓa gaya wa matarsa ba. Mutanen nan suna da 'ya'ya da jikoki a raye.

Kuma abin yakan kai kotu. Azuma Shiro, tsohon sojan Japan, ya buga littafin ajiyarsa a 1987, yana ba da shaidar ta'asar da sojojin Japan suka yi a birnin Nanjing na ƙasar Sin a 1937. Wani tsohon abokin aikinsa ya kai shi ƙara kan wani labari guda da ya jingina masa, kuma Azuma ya sha kaye har kotun ƙoli.

Don haka ba cewa nake yi a watsa komai a intanet gobe da safe ba. Gidajen adana takardu sun daɗe da sanin maganin wannan: a karɓi kwafi cikakke, a rubuta yarjejeniya cewa ba za a buɗe sashe kaza ba sai bayan shekara kaza, ko a sakaya sunaye a kwafin da jama'a za su gani. Jinkiri ya halatta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yage shafi, ko a ƙona, ko ɗa ya zauna ya gyara wa mahaifinsa magana don ta yi daɗin ji. Ko kuskuren rubutunsa a bar masa. Yadda ya rubuta sunan gari ba daidai ba yakan nuna cewa da kunne ya ji shi a wurin, ba daga taswira ya kwafa ba.

"To a kai gidan tarihi mana"

A kai, amma kada a ɗauka an gama. Gidan ajiya ma yana cin wuta. A Satumbar 1940 bom ya faɗa kan ma'ajiyar ma'aikatar yaƙi a Landan, ya lalata fiye da rabin takardun sojojin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Afrilun 1945 ma'ajiyar sojan Jamus da ke Potsdam ta ƙone a harin jiragen sama. Ranar 12 ga Yulin 1973 gobara ta tashi a cibiyar adana takardun sojoji da ke St. Louis a Amurka, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Waɗannan fa ƙasashe ne masu kuɗi da ma'aikata. Ga kuma wata mutuwar marar hayaƙi: a karɓi kaya a sa a kwali, ba a shigar da shi rajista ba, ya shekara 40 ba wanda ya san yana nan.

Abin da ke tsare rubutu shi ne yawan kwafi a wurare mabambanta. Kuma yau abin ya yi sauƙi har ba uzuri. Daga 2011, na wasu shekaru, shirin Europeana ya riƙa zagaya biranen Turai yana kiran iyalai su kawo wasiƙu da littattafan kakanninsu na yaƙin 1914 zuwa 1918. A ɗauki hoto, a rubuta bayani, mai kaya ya koma gida da kayansa. Ba wanda ya rasa komai. A Amurka ma tun 2000 Ɗakin Karatu na Majalisa yake karɓar labaran 'yan mazan jiya, a rubuce da kuma a murya.

Wanda ba shi da irin wannan a kusa, wayar hannunsa ta isa. A shimfiɗa littafin inda haske yake, ba a danne shi har ɗinki ya saki ba, a ɗauki kowane shafi, har bango da shafukan da ba komai da 'yan rubuce-rubucen gefe. Kada a manna masa salatif, kada a kai shi a narka masa leda, duka biyun kashe takarda suke yi a hankali. A aika kwafi ga wata jami'a ko gidan tarihi, a ba iyalan marubucin idan an san su. Sau da yawa jikoki ba su ma san kakansu ya yi rubutu ba.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya shafi dillalai. Kayan soja ɗaya sukan zo a dunƙule: littafinsa, lambobin yabonsa, hotuna, takardar sallama, wasiƙu. Dillali ya san idan ya rarraba zai fi samun riba, sai ya sayar da lambobin ga wannan, hotunan ga wancan, littafin ga na uku. Daga ranar littafin ya zama maraya. Takardar sallamar ce ke tabbatar da bataliyarsa, hoton ne ke nuna fuskar sajen da ya yi ta ambata, wasiƙar da ya rubuta a makon harin ce za ta nuna ko abin da ya tuna bayan shekara 30 ya canja. Mai saye na da ƙarfin hana wannan. Ya tambayi dillali me da me suka zo tare, daga hannun wa, a wace shekara. Idan ba zai iya sayen duka ba, ya nemi hoton sauran kafin su watse, ya rubuta amsoshin a takarda ya ajiye tare da littafin, domin wanda zai gaje shi ba zai samu dillalin ya tambaya ba.